Goma da Minti Goma: Abin da Hoton Agogon Alfarma Yake Nunawa, da Abin da Yake Tonawa

A watan Afrilun 2012, wasu masu bin diddigi a intanet a ƙasar Rasha suka tsaya cak a kan wani hoto da ke shafin Cocin Orthodox na ƙasar. Hoton na shugaban cocin ne, Kirill, a wata ganawa da ya yi da ministan shari'a tun 2009. A wuyan hannunsa babu komai sai baƙar rigar limamai. Amma teburin da ya ɗora hannun a kai ya sha goge yana sheƙi, kuma a cikin sheƙin ga agogo nan ɓaro-ɓaro. Wanda aka ba aikin gyaran hoton ya share agogon daga hannu, ya manta da inuwarsa a kan tebur. Agogon ƙirar Breguet ne, an ƙiyasta kuɗinsa a kan dala 30,000. Cocin ya nemi afuwa, ya mayar da hoton na asali.

Duk mai cin abinci da ɗaukar hoton agogo zai yi dariyar wannan labari, amma dariyar wanda ya san ciwon, domin da ƙyalli da inuwa yake kwana yake tashi.

Agogon alfarma madubi ne ta kowane ɓangare. Jikinsa ƙarfe ne ko zinare da aka goge har mutum yana ganin fuskarsa a ciki. Dogon hannu da gajeren hannu masu nuna lokaci su ma gogaggu ne. Gilashin da ya rufe fuskar agogon kuwa yawanci na saffaya ne da ake haɗawa a masana'anta, ba ya ƙarzuwa da sauƙi, amma ya fi gilashin taga mayar da haske. Saboda haka da an saita kyamara a kansa, ɗakin da ake ciki ne zai fito: fankar silin, ƙwan lantarki, labule, da goshin mai ɗaukar hoton. Wanda ya kunna filashin waya kuwa ya gama kashe hoton, sai dai a ga wani farin tabo a tsakiyar fuskar agogon, sunan kamfanin ya ɓace.

Ga yadda ƙwararre yake yi. Ya ja tebur zuwa gefen taga, ya kashe duk fitilun ɗakin, ya rufe gilashin tagar da farar takarda mai shara-shara ko farin yadi don hasken ya bazu, ya yi laushi. Ya kwantar da agogon a kan fata ko katako, ya ɗan tokare shi ta baya don fuskarsa ta karkato. Sai ya ɗauko kwali biyu, fari da baƙi. Farin yana mayar da haske gefen da ya yi duhu. Baƙin shi ne sirrin aikin: idan aka riƙe shi daidai inda gilashin yake “kallo”, sai ƙyallin ya mutu, fuskar agogon ta fito sarai, a ga kowane ɗigo da kowane layi. Wasu har ɓula rami suke yi a tsakiyar baƙin kwalin su leƙa kyamara ta ciki, don kada ita ma ta fito. Ana iya shafe rabin awa ana matsar da kwalin nan da faɗin yatsa ɗaya, ana dubawa, ana sake matsarwa. Idan ƙarfen ya sha farin haske ko'ina, sai ya fito fayau babu siffa, shi ya sa ake barin wani siririn baƙin layi ya bi gefen jikin agogon, shi ne ke nuna wa ido cewa ƙarfe ne mai kauri da lanƙwasa.

Sai ƙura. Ƙwayar da ido ba ya gani, idon kyamara mai kusanto da ƙananan abubuwa zai fito da ita ƙatuwa a kan gilashi. Masu aikin suna ajiye ɗan famfon roba na hura iska, da ƙyalle mai laushi, da wani ɗanko da masu gyaran agogo suke amfani da shi mai suna Rodico, na kamfanin Bergeon na Suwizalan, wanda ke ɗauke ƙura da shatin yatsa ba tare da ya bar komai ba. Da yawa safar hannu suke sawa. Wanda ya taɓa gwada wannan aiki a Kano ko Damagaram cikin hunturu ya san cewa kafin ya ajiye ƙyallen wata ƙurar ta sauka.

Akwai wata matsalar kuma. Idan kyamara ta matso sosai, abin da zai fito tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba. In hannayen agogon sun fito, rubutun da ke ƙarƙashinsu ya dushe. Maganinta shi ne a kafe kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, a ɗauki hotuna ashirin, talatin, wani lokaci fiye, kowanne an matsar da saitin kaɗan, sannan a haɗa su a kwamfuta su zama hoto ɗaya da komai ya fito. Kafin a fara sai an jawo kan nan na gefe da ake yi wa agogo wani da shi, domin a yawancin agogunan zamani hakan yana tsayar da hannun daƙiƙa. In ba haka ba, sai ya fito sau talatin a wuri talatin.

A ina ake tsayar da hannayen? Duba kowace tallar agogo: ƙarfe goma da minti goma, ko kusa da haka. Dalilin farko na ciniki ne. Sunan kamfani yawanci yana ƙarƙashin ƙarfe goma sha biyu, tagar kwanan wata tana wajen ƙarfe uku ko shida, to idan hannayen suka buɗe sama, sun rungume sunan, ba su rufe komai ba. Kowane kamfani da nasa tsarin har zuwa daƙiƙa: Timex yana tsayawa a 10:09:36, Rolex kuma a 10:10:31, kwanan wata 28. A tallace-tallacen shekarun 1920 da 1930 an fi ganin takwas da minti ashirin, wanda shi ma ba ya rufe suna, sai dai fuskar agogon tana fitowa a murtuke. A 2017 mujallar Frontiers in Psychology ta buga wani bincike da aka gwada mutane da hotunan agoguna a saiti daban-daban, aka ga goma da minti goma ya fi faranta musu rai, domin yana musu kama da murmushi.

Wannan duk aikin ɗakin hoto ne. Amma hoton da ya cika Instagram ba shi ba ne, na wuyan hannu ne: mutum ya miƙa hannun hagu, ya ɗauka da waya a dama, a bayansa sitiyarin mota, ko kofin gahawa, ko tagar jirgin sama. A nan ma akwai tarko. Babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana kumbura duk abin da ya matso kusa da shi, sai agogo mai faɗin milimita 40 ya fito kamar faifai a wuyan hannun mai shi. Mutane da dama sun fasa sayen agogon da zai yi musu daidai saboda irin wannan hoto. Waɗanda suka ƙware suna ja da baya su yi amfani da idon da ke jawo nesa, ko su tsaya gaban madubi, ko su sa wani ya ɗauke su hannu a aljihu, bakin hannun riga ya ɗan rufe gefen agogon. Akwai kuma hoton duhu, inda ake haska fuskar agogon da tocilan irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, a kashe wuta, lambobin su yi ta ci da kore ko shuɗi.

Hoton tarin agoguna gaba ɗaya ya fi wuya, don kowanne da inda yake mayar da haske, kuma sai an saita goma ko goma sha biyu a lokaci ɗaya. Mafi sauƙi shi ne a bar su cikin akwatinsu a ɗauka daga sama. Ƙungiyar RedBar, wadda Adam Craniotes ya faro a wata mashaya a New York kuma yanzu tana da rassa a birane da dama na duniya, ta shahara da wani salo dabam: kowa ya kwance nasa, a jibge su a tsakiyar tebur, a ɗauka. Hoton yana da ban sha'awa, amma mai gyaran agogo in ya gani sai ya dafe kai. Ƙarfe yana ƙarzar zinare, saffaya yana ƙarzar ƙarfe. Haka nan wanda ya ɗora agogon wani a kan lasifika ko murfin kwamfutar hannu mai maganaɗisu don hoto ya yi kyau, zai iya wayar gari ya ga agogon yana gudu, domin maganaɗisu yana sa siririyar wayar da ke daidaita bugunsa ta manne da kanta.

Yadda hoto ya koma kasuwa

Kafin 2010, shekarar da aka buɗe Instagram, masu tara agoguna 'yan tsiraru ne da suka san juna. Benjamin Clymer ya buɗe shafin agoguna na Hodinkee a 2008, kuma a 2013 ya fara wani shirin bidiyo inda ake zama da mai tarin agoguna ya baje su a tebur yana ba da labarin kowanne. Mawaƙi John Mayer ne baƙon farko. A Landan, Anish Bhatt ya tara mabiya fiye da miliyan ɗaya a shafinsa na WatchAnish da hotunan agogo a gefen motoci, jiragen ruwa da sigari mai tsada, har manyan kamfanonin Suwizalan, da a da suke ganin waya ba ta kai matsayinsu ba, suka koma suna nemansa.

Misalin da ya fi fito da ƙarfin abin ya faro ne daga Holan. A 2012 Robert-Jan Broer, mai mujallar agogo ta Fratello, ya ɗora hoton Omega Speedmaster ɗinsa a Facebook wata ranar Talata, ya rubuta kalmomi biyu a ƙasa. Speedmaster shi ne agogon da Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969, yana da masoya dama can. Kamar wasa, #SpeedyTuesday ya zama al'ada, duk Talata masu irin agogon a faɗin duniya sai su ɗora nasu. A Janairun 2017 kamfanin Omega ya ƙera agogo na musamman da wannan suna, guda 2,012 cif, ya ce ta intanet kawai za a yi rajistar saye. Cikin awa huɗu da 'yan mintoci aka wawashe su. A 2018 ya sake fito da wasu 2,012, ba su kai awa biyu ba.

Wani ma daga hoton ya tsallaka zuwa ƙira. Ming Thein, ɗan Malesiya, ya yi suna a ɗaukar hoton agoguna, ya riƙe babban muƙami a kamfanin kyamara na Hasselblad, sannan a 2017 ya buɗe kamfanin agogo mai suna MING a Kuala Lumpur, yana sayarwa ta intanet. A 2019 ɗaya daga cikin agogunansa ya ci kyauta a babbar gasar agoguna ta Geneva. Wanda ya kalli ƙirarsa zai gane aikin mai hoto ne, an gina fuskar agogon ne a kan yadda take canzawa idan haske ya juya.

Hoto yana kuma hura wutar farashi. Agogon Rolex Daytona na ɗan fim Paul Newman, wanda aka sayar dala miliyan 17.75 a gwanjon Phillips a New York a Oktoban 2017, daga hotuna darajarsa ta samo asali. Irinsa ya taɓa yin kwantai a shaguna, sai da masu tara agoguna suka riƙa ganin sa a hannun Newman suka laƙaba masa sunansa. A Disambar 2021 kamfanin Patek Philippe ya fito da agogon Nautilus mai fuska shuɗiya irin launin kamfanin Tiffany, guda 170 kacal, kowanne dala 52,635. Launi ne da ake ganewa ko a ɗan ƙaramin hoto a waya. Da aka kai na farko gwanjo, cinikin ya tsaya a dala miliyan 6.5. A wancan lokacin Nautilus na ƙarfe zalla, da ake sayarwa dala dubu talatin da 'yan kai a shago, ya haura dala 100,000 a kasuwar 'yan hannu. Farashi ya yi tashin gwauron zabo har zuwa watannin Maris da Afrilun 2022, daga nan ya juyo ƙasa, waɗanda suka saya don sun ga kowa yana ɗorawa suka tafka asara.

Masu kallo iri-iri ne

Mai ɗora hoto yana zaton masu yabo yake yi wa. Amma agogo, ba kamar riga ba, yana da suna da lamba da farashi, kuma akwai mutanen da daga ganin gefen maɗaurinsa za su faɗi ko wane ne.

A Agustan 2012 aka ɗauki hoton wani jami'in kula da kiyaye haɗurra na lardin Shaanxi a ƙasar Sin, Yang Dacai, yana murmushi a wurin haɗarin motar da ya ci rayuka 36. Murmushin ya fusata jama'a, suka shiga tono tsofaffin hotunansa, suka ƙirga agogunan alfarma kusan goma sha ɗaya a hannun mai albashin gwamnati. A Satumban 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 14 kan cin hanci. A Tailan, a Disambar 2017, mataimakin firaminista Janar Prawit Wongsuwan ya ɗaga hannu don kare idonsa daga rana a lokacin ɗaukar hoton sabuwar majalisar ministoci, sai ga agogon Richard Mille ya leƙo. Masu bincike a Facebook suka zaƙulo fiye da ashirin a hotunansa na baya. Ya ce aro ne daga wani abokinsa da ya rasu, hukumar yaƙi da rashawa ta ƙasar kuma ta wanke shi a ƙarshen 2018, hukuncin da mutane da yawa ba su gamsu da shi ba. A Peru, a Maris na 2024, shirin labarai na La Encerrona ya tace hotunan gwamnati kusan 10,000 na shugabar ƙasar a lokacin, Dina Boluarte, ya ƙirga agoguna aƙalla 14. Kafin watan ya ƙare 'yan sanda sun ɓalle ƙofar gidanta suna neman Rolex.

Na kusa da gida shi ne Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi. Mabiyansa a Instagram sun haura miliyan biyu lokacin da dubunsa ta cika a Dubai a Yunin 2020. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun ce an kashe kimanin dala 230,000 daga kuɗin da aka damfari wani ɗan kasuwa na Katar wajen sayen Richard Mille RM11-03, aka kai masa hannu da hannu a Dubai, daga baya agogon ya riƙa fitowa a hotunansa. Shi da kansa ya ɗauki hoton shaidar, ya saita haske, ya ɗora. A Nuwambar 2022 wata kotu a Los Angeles ta yanke masa wata 135.

Ko manyan gidajen gwanjo ba su tsira daga masu kaifin ido ba. A Nuwambar 2021 aka sayar da wani Speedmaster na 1957 a Geneva kan franc miliyan 3.1 na Suwizalan, kuma Omega ne da kansa ya saya don gidan tarihinsa. Wani mai bincike da ake kira Perezcope ya zauna ya kwatanta hotunan gwanjon da wasu tsofaffi, tabo da tabo, ya ce haɗe-haɗe ne na sassan agoguna daban-daban. A Yunin 2023 Omega ya amsa cewa haka ne, ya ɗora laifin a kan wasu tsofaffin ma'aikatansa uku.

Sai masu kallon da ba bincike ya kawo su ba. A Fabrairun 2020 'yan fashi suka kashe mawaƙi Pop Smoke a gidan da ya kama haya a Los Angeles, jim kaɗan bayan ya ɗora hoton wasu kyaututtuka da adireshin gidan yake jikinsu. Wani ɗan sanda ya shaida wa kotu cewa Rolex ɗin da suka ɗauke, dala 2,000 suka sayar da shi. A Afrilun 2022, a garin Viareggio na Italiya, wasu mutum biyu a kan babur suka tare direban tseren motoci Charles Leclerc suka ce suna son hoto da shi, kafin ya ankara sun yi awon gaba da Richard Mille ɗinsa. A Landan abin ya kai ga 'yan sanda sun riƙa sa jami'ai cikin farin kaya suna yawo da agoguna masu tsada a unguwar Soho da dare don ɓarayi su biyo su, kuma a Janairun 2024 suka fitar da bidiyon kamen.

Shi ya sa masu tara agoguna na gaske suka canza salo. Da yawa ba sa nuna fuska, ba sa amfani da sunansu, ba sa barin taga ko lambar mota ta fito. Sai sun bar otal ko gidan abinci suke ɗora hoton, kuma suna kashe saitin waya mai liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Lambar agogo ma rufe ta suke yi. A Rolex na zamani tana cikin zoben da ya kewaye fuskar, daidai ƙarfe shida, hoto mai kyau yana fito da ita tar, masu yin jabu kuma su kwafe ta su buga a nasu. Amma mai hankali yana ajiye wani hoton da lambar ta fito a inda shi kaɗai ya sani, domin da ita ake kai rahoto ga 'yan sanda, da kamfanin inshora, da The Watch Register ta Landan mai ajiye bayanan agogunan sata.

A Kano da Kaduna da Abuja ma kasuwar agogo ta koma waya. Masu haɗa lefe da samari masu shirin Sallah suna zaɓa ne daga hotunan Instagram da WhatsApp, kuma da yawan hotunan nan ba mai sayarwar ne ya ɗauka ba, kwafowa ya yi daga shafin kamfani, inda wasu ma zanen kwamfuta ne, ba a taɓa ɗora agogon a gaban kyamara ba. Kasuwar Chrono24 ta Jamus, ɗaya daga cikin mafiya girma a cinikin agogo ta intanet, tana da wata dabara mai sauƙi: kafin mutum ya sa nasa a kasuwa, sai ta ba shi wani lokaci ta ce ya saita hannayen agogon a kai ya turo hoto. Mai karatu, kai ma kana iya yin haka. Kafin ka tura ko sisi, ka ce wa mai sayarwa ya mayar da agogon ƙarfe huɗu saura minti bakwai, ya ajiye shi a kan takardar da ya rubuta sunanka da kwanan wata da biro, ya ɗauka a hasken rana. Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.